Daga Gobarau Zuwa Kusugu a Ƙafa

Ranar da na shaida wa mahaifiyata cewa zan tafi Daura a ƙafa, sai da ta ajiye carbinta a kan tabarma ta dube ni da kyau.

"Kuɗin mota ne babu?"

Na ce akwai, Inna.

"To bakance ka yi?"

Na ce ban yi ba. Ta jima ba ta tanka ba, can ta ce, "Jinin Alhaji ne ya motsa. Allah shi kiyaye hanya."

Alhajin da take nufi mahaifinta ne, wanda ban taso na iske ba. Yana saurayi ya bar Katsina tare da wasu mutum huɗu da niyyar sauke farali. Suka bi ta Kano suka faɗa Barno, suka shiga Cadi, suka ratsa Abeshe da Jinena da Fashir. Duk inda guzuri ya ƙare sai su yada zango su yi ƙodago. Shekara biyu ya yi yana cirar auduga a gonakin Jazira da ke Sudan kafin ya haɗa kuɗin jirgin da ya tsallaka da shi Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. Sai da ya shekara bakwai sannan ya sake ganin ganuwar Katsina, biyu daga cikin abokan tafiyarsa kuwa can ƙasa ta rufe su a garin mutane. Sandar gorar da ya dawo da ita har yau tana jingine bayan ƙyauren ɗakin Inna, gindinta ya cinye, wuyanta ya yi sulɓi saboda riƙo.

Sai dai tafiyar Alhaji ba ta buƙatar bayani. Ɗakin Allah ne a ƙarshenta, kuma a zamaninsa talaka ba shi da abin hawan da ya wuce ƙafarsa. Tawa fa? Tsakanin Katsina da Daura kimanin kilomita 80 ne, kwalta shimfiɗe, mota tana cinye ta cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Me zai sa magidanci mai iyali ya kwashe kwana huɗu yana taka abin da ɗan kuɗin mota zai raba shi da shi? Da tambayar na bar gida, kuma duk garin da muka shiga sai wani ya sake jefo mini ita.

Mu uku muka yi tafiyar. Wanda ya kawo shawarar abokina ne tun na firamare, ma'aikacin jinya, wanda ya kwashe shekaru yana kallon masu hawan duwatsu da masu ratsa teku a ƙananan jirage a YouTube. Ya hau Dala, ya hau Kufena a Zariya, kuma babban burinsa Chappal Waddi da ke jihar Taraba, mai tsayin mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya. Kalmarsa ɗaya ce a kan kowane dutse da kowace hanya: "Sai na ci shi." Na biyu ɗan yayata ne, ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, shekara uku ke nan yana yawo da takardu a ambulan. Sai ni, malamin makaranta da ya haura arba'in, wanda likita ya ce jininsa ya fara hawa, ya rage zama.

Da son ran abokina ne, da yamma muka nufa, wajen duwatsun Safana da Batsari. Amma babu mai hankalin da zai rataya jaka ya doshi bakin dajin Rugu a wannan zamani. Abin yana mini ciwo ƙwarai, domin muna yara an kai mu waɗannan wurare mun yi ta tsalle a kan fa, yau kuwa 'ya'yanmu sunayen garuruwan kawai suke ji a labaran hari da garkuwa. Saboda haka muka zaɓi gabas.

Daren da za mu tashi na roƙi Inna ta ara mini sandar Alhaji. Ta girgiza kai. "Wannan ta gama tata tafiyar. Nemi taka."

Ranar Litinin, tsakiyar hunturu, muka yi sallar asuba kusa da Gobarau. Hasumiyar tana tsaye cikin hazo, ginin ƙasa mai tsayin kusan mita 15 da tarihi ke dangantawa da zamanin Muhammadu Korau, wadda a da daga samanta ake kiran salla, ake kuma hango mahara. Muka dafa bangonta, muka yi addu'a, muka fita ta Ƙofar Durɓi. Kowa da jakarsa a baya: bargo, buta, gorar ruwa, dabino, ƙuli-ƙuli, tocila, man kaɗanya da filasta. Sanyin safiyar yana yankan kunne, masu shayi suna hura wuta, almajirai sun kewaye tokar jiya suna ɗumi.

Awannin farko daɗi ne zalla. Muka wuce mararrabar filin jirgin sama, gidaje suka fara ja da baya, gonaki suka buɗe. An gama kaka, karan dawa a tsaye jingim, rumbuna cike, gawo ya yi kore shar alhali sauran itatuwa sun kakkaɓe. A mota ban taɓa lura cewa hanyar nan tana da hawa da gangara ba, sai da cinyata ta gaya mini.

Kafin mu kai Kayauki an tsaya mana ya fi sau goma. Masu kurkura, masu babur, har da wata tsohuwar motar itace. "Malam lafiya? Ku shigo mana, ba sai kun biya ba." In muka ce da gangan muke tafiya, sai fuskar mutum ta canza. Da yawa tambayarsu ɗaya: "Wa kuke yi wa tattaki?" Tun 2015, lokacin da wani ɗan asalin jihar nan ya taka daga Legas zuwa Abuja don murnar nasarar Buhari, aka yi ta samun masu tattaki don gwamna ko sanata, har kalmar ta koma tana warin neman na goro. Mutane sun kasa yarda cewa za a sha wannan wahala ba don a ba wani labari ya sa hannu a aljihu ba. Ban ga laifinsu ba. A ƙasar da wahala ke iske mutum har gadonsa, wanda ya fita nemanta dole a dube shi sau biyu.

A wani ƙaramin masallaci na bakin hanya muka tsaya azahar, kuma nan aka yi mana tambayar da ta fi kowace nauyi. Ɗan yayata ya tambayi limamin ko za mu yi ƙasaru. Dattijo ne siriri, da tabon tawada a yatsunsa. Ya ce nisan ƙasaru mil 48 ne, kuma tunda niyyarmu Daura ce, nisan ya kai ko ya yi kusa ƙwarai. "Amma ku faɗa mini, tafiyar mi ce? Don malamanmu na Malikiyya sun ce ƙasaru na matafiyin da ba saɓo ya fitar da shi ba, ba kuma wasa ba. In wasa kuka fito, ku cika sallarku."

Muka dubi juna. Abokina ya ce gwajin ƙarfi ne. Ni na ce neman lafiya, da ziyara, da son in ga ƙasar da nake wucewa a guje shekara da shekaru ban san ta ba. Ɗan yayata ya sunkuyar da kai bai ce komai ba. Liman ya yi murmushi ya ce Alƙur'ani ya yi umarni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba, don haka wanda ya fita ya ga ikon Allah ya kuma gyara jikinsa ba a ce masa mai wasa. Sai ya ɗaga yatsa ya juya wajen abokina. "Amma littafin nan dai shi ya ce kada ku jefa kanku cikin halaka da hannunku. Aya ta 195 ce a Baƙara. Ka riƙe su duka biyun, Malam, kada ka ɗauki ɗaya ka bar ɗaya." Muka yi raka'a biyu-biyu, ya sa aka kawo mana fura mai sanyi a ƙwarya.

Da la'asar sakaliya muka shiga Muduru, ƙasar Mani, yankin da kusheyin sarakunan farko na Katsina suke, wato Durɓi ta Kusheyi. 'Yan sa-kai suka tare mu, suka duba jakunkunanmu da katin shaidarmu, sannan suka raka mu wurin mai unguwa. Haka ya kamata, kuma duk mai niyyar irin wannan tafiya ya sani cewa baƙo ba ya kwana a gari yanzu sai masu gari sun san da shi. Aka sauke mu a zauren wani dattijo, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka. Da na cire takalmi na iske bororo uku a ƙafar dama, ɗaya ya riga ya fashe ya manne da safa. Abokina ya wanke da ruwan gishiri, ya sa magani ya rufe da filasta. A nan na sayi sanda a hannun wani yaro makiyayi, ɗanyen sara, ko ɓawonta ba a gama feƙewa ba.

Bayan isha'i hira ta yi daɗi, maƙwabta suka cika zauren. Abokina ya ba su labarin wani tsoho ɗan ƙasar Folan mai suna Aleksanda Doba. Yana da shekara 64 ya shiga ɗan ƙaramin kwalekwale shi kaɗai daga Dakar ta Sanagal a ƙarshen 2010, ya yi kwana 99 yana tuƙi da hannu har ya isa Barazil. Bai daddara ba, ya sake ratsa tekun Atalantika sau biyu, na ƙarshen a 2017 yana da shekara 70. A watan Fabrairun 2021 ya hau dutsen Kilimanjaro da ke Tanzaniya, mai tsayin mita 5,895, ya kai ƙololuwa, ya zauna ya huta, nan rai ya yi halinsa. Ya kuma ba su labarin Joj Malori, Baturen Ingila da ya ɓace a dutsen Eberest a 1924, ba a ga gawarsa ba sai 1999, wanda da aka tambaye shi dalilin da ya sa yake son hawan dutsen ya ce saboda dutsen yana nan.

Mai masaukinmu ya gyara zama. "Ai rijiya ma tana nan, amma ba a faɗa mata." Aka yi dariya. Sai ya sake tambaya, wannan karon ba da wasa ba: "Shi tsohon mai jirgi, yana da iyali?" Abokina ya ce yana da mata da 'ya'ya. "To kwana casa'in da taran nan, wa ya fi shan wuya, shi ko ita?"

Ba wanda ya amsa. Na tuna maiɗakina ta kira ni sau uku tun safe, a na ukun ba ta ce komai ba sai "ka dai ci abinci ko?" Masu ba da labarin jarumtar irin waɗannan mutane ba kasafai suke lissafa wanda aka bari a gida yana kallon waya ba, alhali shi bai zaɓi komai ba.

Kwana na biyu shi ne mai wuya. Muka yi sammako, jiki duk ya yi tsami, kowane taku kamar ana taka garwashi har sai da ƙafa ta ɗau zafi. Wajen hantsi wasu matan Fulani su biyar suka fito daga wata 'yar burtali, ƙore jere a kansu, ɗaya da goyo. Suka gaishe mu suka wuce. Muka yi niyyar bin sawunsu, amma kafin rabin awa sun zama ɗigo-ɗigo a cikin hazo. Takalman roba ne a ƙafarsu. Irin wannan tafiya suke yi zuwa Mashi su koma, ba mai ɗaukarsu hoto, ba mai ce musu sannu da ƙoƙari. Na daɗe ina juya abin a raina. Duk abin da za mu faɗa game da tafiyarmu, mu mun san ranar da za ta ƙare, kuma akwai kuɗin mota a aljihunmu. Wanda ya manta da wannan bambanci ya fara yi wa mutanen karkara kallon kayan ado na hanyarsa, gara ya zauna gida.

A Mashi muka ci wake da shinkafa, muka cika gorunanmu, muka ji ana ta zancen layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka tsara zai bi ta Daura da Mashi ya shiga Katsina. Ba mu daɗe ba muka wuce.

Can gaba, rana ta take, muka zube ƙarƙashin wani gawo. Awaki suna ta tsintar 'ya'yansa a gefenmu. Abokina ya yi barci. Ɗan yayata yana cire ƙarangiya daga wandonsa ɗaya bayan ɗaya, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Kawu, ka san abin da ya sa ban amsa wa liman ba jiya? Kunya na ji. Shekara uku ke nan duk ƙofar da na ƙwanƙwasa sai a ce wa ya turo ka. Na rubuta jarabawar ɗaukar aiki, na san na ci, sunan wani ya fito. Har na fara zargin ko ni ne ba ni da amfani. To ita hanyar nan ba ta tambaye ni ɗan wane ne ni ba. In na yi taku dubu, taku dubun nan nawa ne, nan take take biyana. Ba mai yi mini alfarma, ba kuma mai ƙwace mini."

Na rasa abin da zan ce masa, sai na miƙa masa dabino. Amma tun daga wannan gawon na daina neman amsa a wani wuri, domin a ganina yaron ya taɓo jijiyar abin. Yawancin abin da muke samu a rayuwar yau ta hannun wani yake biyowa, yawancin abin da muke rasawa ma haka. Mutum zai shekara yana aiki bai san ko ƙoƙarinsa ne ya ɗaga shi ko sanayya ba, bai san ko gazawarsa ce ta kayar da shi ko makirci ba. Dutse da ruwa da doguwar hanya ba su da wannan ruɗani. Awonsu a fili yake, kuma ba a aika ɗan aike. Shi ya sa za ka ga mai neman aiki da wanda dukiya ta yi wa yawa sun haɗu a gindin dutse ɗaya: na farko an hana shi ya gwada kansa, na biyu an ɗauke masa komai har bai san iyakar ƙarfinsa ba. Gaskiya ne kuɗi sun shiga harkar, domin shekaru bayan da Edmon Hilari da Tenzin Noge suka kai ƙololuwar Eberest a 1953, hawan dutsen ya zama kasuwa, mutanen Sherpa, mazauna yankin dutsen, ke ɗaukar kaya suna ɗaura igiyoyi masu kuɗi suna bi. Duk da haka babu wanda zai yi wa wani numfashi a can sama.

Kuma abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Saurayin Bafulatanin da ke tsayawa a sharo yana murmushi ana zuba masa bulala, da ɗan damben da ke bin garuruwa bayan kaka, da matasan da ke kwana a daji wajen farauta, duk ƙishirwa ɗaya ke damunsu. Kakanninmu sun san saurayi yana buƙatar fagen da zai auna kansa a gaban shaidu, suka tanadar masa. Mu muka rushe yawancin fagagen, ba mu gina wasu ba, sannan muna mamakin inda ƙarfin samarinmu ke tafiya.

Da yamma gwiwar abokina ta hagu ta fara kumbura. Tsohon targaɗe ne ya tashi. Ya ɗaure ta da bandeji ya ci gaba da ɗingishi, ya haɗiyi maganin kashe zafi, ya ce ko da rarrafe sai ya ci hanyar nan. Na ce masa shi da ke ma'aikacin jinya, da majiyyaci ne ya zo masa da wannan gwiwa me zai ce masa? Ya ce in bar shi. Muka yi musu mai zafi a bakin kwalta, irin wanda ba mu taɓa yi ba tun muna yara. Da ƙyar muka kai Shargalle bayan magariba, ba mai yi wa wani magana.

Washegari na ce ba inda za mu sai gwiwar ta huta. Muka sami mai amalanke da zai bi ta wajen madatsar ruwa ta Daberam, muka ɗora abokina a kai bisa sharaɗin cewa wannan ratse ne, ba ya cikin lissafin hanya. Mu biyu muka bi shanun a ƙafa.

Bayan kwana biyu cikin ƙura, ganin ruwa shimfiɗe yana wanke ido. Masu noman rani sun kewaye bakinsa da albasa da tumatir, injinan ban ruwa suna ta ƙara, balbelu sun yi fari a kan wani busasshen itace. Muka iske wani masunci dattijo yana ɗinkin koma a inuwar bedi, karfasa da tarwaɗa a cikin daro a gefensa. Abokina na ganin kwalekwale idonsa ya kawo haske. Tuƙi ba ya buƙatar gwiwa. Ya ce Baba, nawa za ka ba mu haya mu tsallaka wancan bakin mu dawo?

Dattijon ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dubi ruwan. "Ba yanzu ba. Iskar hunturu in hantsi ya yi take tashi, sai yamma take kwantawa. Ku zauna."

Abokina ya ce ai ɗan wannan ruwan ba zai gagare shi ba, sai ya ci shi.

"Ci?" Dattijon ya ajiye allurarsa. "Malam, shekarata hamsin a kan ruwa, ban taɓa cinsa ba. Shi dai yake barina in wuce. Waɗanda na tsamo da hannuna, mafi yawansu gwanayen iyo ne."

Muka zauna. Sai bayan la'asar ya miƙe, ya ɗauko jarkoki uku marasa komai, ya ƙara matse murafansu, ya ɗaura wa kowannenmu ɗaya da igiya, tunda babu rigar kariya a wurin. Ya ce ko masuntan Argungu da gora suke shiga ruwa, kuma ba wanda ya fi su sanin sa. Sannan ya koya mana riƙon filafili. Hannu ɗaya a ka, ɗaya kusa da faffaɗan bakin. A nutsa bakin duka kafin a ja. Ba da damtse ake tuƙi ba, da baya da ƙugu ake yi, in ba haka ba kafin ka je tsakiya hannu ya mutu. Wanda ke baya shi ke da linzami, da ɗan murɗa filafilin yake daidaita hancin jirgi. In igiyar ruwa ta taso a ba ta hanci, kada a kuskura a ba ta haƙarƙari. Ni aka ba yankakken galan in riƙa kwashe ruwan da ke tsattsafowa ta tsakanin katakai.

Da farko jirgin ya yi ta juyi da mu wuri ɗaya. Can abokina da ɗan yayata suka sami kai, filafilansu suka fara faɗawa tare, jirgin ya miƙe. Ƙarar injina ta yi nisa, ba ka jin komai sai ɗigar ruwa daga bakin filafili da kukan kirinjijiya. Rana ta zama jan faifai a cikin hazo har ana iya kallonta da ido. Muka taɓa wancan bakin muka juyo.

A hanyar dawowa na tambayi dattijon ko shi bai taɓa shiga ruwa ba don kifi ba. Ya yi shiru har na zaci bai ji ba. Sai ya ce wani lokaci, in damina ta cika dam, yakan tashi cikin dare ya tuƙa har ƙarshensa ya dawo, ba koma ba ƙugiya. "Iyalina ba su sani ba. So nake in ji ko hannun yana nan."

Abokina ya daina tuƙi ya juyo ya dube shi. Daren nan a bakin ruwa muka kwana, muka ci gasasshen kifi da yaji, kuma shi da bakinsa ya ce gobe babur zai hau zuwa Daura. Ya ce ragowar hanyar bashi ne a kansa, zai dawo Shargalle ya biya in gwiwa ta warke. Muryarsa tana rawa da ya faɗa, domin ya fi mu duka son wannan tafiya.

Ranar Alhamis mu biyu muka ƙarasa. Ban riƙe komai na wannan yini ba sai zafin tafin ƙafa da ƙarar sandata a kan tsakuwa. Bayan azahar muka shiga Daura, muka bi ta kusa da fada muka nufi Kusugu. Abokina yana zaune a bakin ƙofa da sandar dogarawa, ya ƙi shiga sai mun iso.

Rijiyar tana cikin gini yanzu. Mai kula da ita ya ba mu labarin da kowane ɗan firamare ya sani: baƙo Bayajidda ya sauka gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa, ta ce ba a ɗiba sai ranar Juma'a saboda macijiyar da ake kira Sarki, ya karɓi guga ya tafi cikin dare da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, ya sare kanta, Daurama ta aure shi, daga zuriyarsu aka sami sarakunan Hausa Bakwai. Masana tarihi suna da ja a kan labarin, amma ni a ranar wani abu dabam na ji a cikinsa. Na sha jinsa ina zaune a aji, na sha koyar da shi, ban taɓa jinsa da busasshen maƙogwaro da ƙafa mai bororo ba. Ashe labarin asalinmu da matafiyi mai jin ƙishirwa ya fara, wanda aka ce masa ya jira Juma'a.

Ɗan yayata ya karɓi gugar ya zura da kansa. Igiyar ta yi ta tafiya kafin mu ji ta taɓa ruwa. Ya jawo, ya miƙa wa abokina ya fara sha, sannan ni, sannan shi. Na cika gorata na rufe.

A tasha muka shiga motar Katsina. Ɗan yayata ya zauna jikin taga yana nuna mini wurare: ga inda muka yi musu, ga gawonmu, ga masallacin liman. Kafin in juya in duba, kowanne ya wuce. Ana kiran magariba muka sauka.

Na iske Inna a inda na bar ta. Na jingine sandata a bakin ƙofa, na durƙusa na gaishe ta, na miƙa mata gorar. Ta yi bisimilla ta kurɓa sau uku, ta rufe ta ajiye kusa da carbinta. Sannan ta dubi ƙafafuna, ta ƙwala wa jikarta kira ta ce a ɗora ruwan zafi, a kawo mata gishiri da man kaɗanya.